Bayan Hannun Kawu

Ana iya satar motsin hannun mutum? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban sami amsa ba.

Kawuna ya shekara talatin yana kuku a otal. Idan zai ɗanɗana miya, sai ya ɗiga ta a bayan hannunsa na hagu, ya lasa, ya lumshe ido, sannan ya buga ludayi sau biyu a bakin tukunya. Wata rana masu zanen fim ɗin katun suka zo da izinin manaja. Mako uku suna zaune kan buhunan albasa suna zana shi, shi kuwa yana zuba musu abinci, yana kiran su 'ya'yana.

Fim ya fito, duniya ta yaba. Muka je sinima, ni da shi da jikarsa 'yar shekara tara. Labarin wata yarinya ne mai koyon girki a jirgin ruwa. Can sai ga kukun jirgin, wata kura mai cinye rabon kowa. Ta ɗiga miya a bayan hannu, ta lashe, ta lumshe ido, ta buga ludayi sau biyu. Kowa ya kwashe da dariya. Kawu ko motsi bai yi ba.

Abin da ke ƙona min rai, sun ci abincinsa, sun ga yadda yake ajiye wa mai wanke-wanke nama, amma da suka tashi rabo ɓarauniya suka ba hannunsa.

A wurin aiki masu kai abinci suka fara lasar hannu in ya juya baya. Kawu ya ce shi ya daina ɗanɗana miya a bayan hannu. Ya koma ɗanɗanawa da cokali, ya ce ƙarfe kawai yake ji. Gishiri ya riƙa yi masa gardama, farantai suna dawowa. Manajan da ya buɗe wa mutanen ƙofa shi ne ya ce in aka sake dawo da ɗaya, Kawu zai koma yankan albasa. Na roƙe shi ya koma yadda ya saba. Ya ce hannun na kura ne yanzu, su riƙe kayansu.

Ran hutunsa na same shi a kicin ɗin gida, jikar tana kan kujera tana juya tukunya. Ta ɗiga miya a bayan hannu, ta lasa. Fuskarsa ta canza.

"Ke ma, uwar ɗakina? Har a gidana?"

Ta dube shi kamar ya yi wauta. "Kai tsoho, a wurinka na gani tun kafin a zana kurar. Ɗanɗana mana, ni ban iya gane gishiri ba."

Ta riƙe ludayin a sama, miya na neman zuba a ƙasa. Ya tsaya yana kallonta, har na zaci fita zai yi. Sai ya naɗe hannun riga, ya miƙa mata bayan hannunsa na hagu.