Bororon Mode Mai Albasa

A Goronyo kowa ya san Mode mai albasa da faɗa. Ya yi da masu kwalekwale, ya yi da mai gyaran injin ban-ruwa, har shi da akuyar maƙwabcinsa Faruk sun daɗe ba sa ga maciji. Don haka da gyambo ya fito masa a baki ya kasa magana, unguwa ta sha iska. Matarsa Kaltume har ƙiba ta yi.

Sai abin ya sauko jiki. Bororo ya feso masa a ƙirji da baya, cike da ruwa kamar wanda tafasasshen mai ya fallatsa wa, da an taɓa ya fashe. Mai kemis ya ce maganin feshi ne. Wata goggonsa daga Wurno ta ce tarwaɗa ce ba ya so, aka hana shi kifi. Shi kuwa Mode ya gama yanke hukunci. Yatsa kawai yake nunawa wajen katangar Faruk.

Da aka shafa duk abin da ke shafuwa ba sauƙi, sai aka tura su asibiti a Sakkwato. Likitar fata, wata mai suna Adawiyya, ta leƙa bakinsa, ta murza fatar da ke kusa da bororon, fatar ta saluɓe kamar ɓawon albasa. Ta ce sai ta yanki ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaji, a kuma ɗebi jini.

Mode ya daure ya buɗe baki. "Hwatar tawa? Ɗan abin da yar rage min?"

"Kamar ƙwayar gero, Baba."

"To a maido min in an ƙare."

Da sakamako ya fito, likita ta ce sunan ciwon femfigus, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Garkuwar jikinsa ce ta rikice, take kai wa abin da ke manne fatarsa hari.

"Wa yat turo ta?" in ji Mode.

"Ba kowa, Baba. Jikinka na ka faɗa da kainai."

Kaltume ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. "Likita, mutanen gari sunka ƙare mishi, shi ya sa."

Mode ya yi niyyar hasala, sai ga ɗaliban likitanci sun cika ɗakin, ana ta rububin ganin bayansa. Wani ya ce shi a littafi kawai ya taɓa gani. Nan take Mode ya gyara zama, ya ɗaga riga da kansa.

Magani ya karɓe shi. Bororo ya bushe, baki ya warke, kumatu suka ciko. A bakin kasuwa yana faɗa wa duk mai saurare cewa daga Goronyo har Raba babu mai irin ciwonsa.

Ranar da ya koma ganin likita, wata tsohuwa ta zauna kusa da shi a benci, ta ce sunanta Habi, daga Raba.

"Mi ka damunki, Inna?"

"Femfigus sunka ce, ɗan nan."

Mode ya dube ta sama da ƙasa. "An yanki hwatarki?"

"Har wuri biyu."

Ya juya mata ƙeya. A mota Kaltume ta tambaye shi lafiya, ya ce ciwon tsohuwar ƙaramin ne, da gani ma ba na ainihi ba ne.