Sai An Buɗe Kasuwa

Ƙofar kasuwar amfanin gona ta Gadarif a ɗaure take da sarƙa, wata akuya na lasar riɗin da ya zube a gindinta. Shatu ta tsaya da ɗanta Harisu a goye, zafin jikinsa na ratsa zane yana ƙona mata baya.

"Ijaza ce, 'yata, hutu ake," in ji mai gadi. "Ba gwanjo sai bayan Sallah."

Tun kaka matan unguwarsu suka haɗa kuɗin sanduk, wato asusunsu, suka sayi riɗi suka ajiye. Ƙa'idarsu kuwa, mai son cire rabonta da farashin gwanjon ranar za a biya ta. In ba gwanjo, ba farashi. Ga likita ya ce saifar yaron ta kumbura, yau za a fara allura, kuma a waje ake sayenta.

Ta nufi gidan Inna Batulu, uwar sanduk. Ta tarar da ita zaune a tsakar gida, ko lallen Sallah ba ta sa ba.

"Inna, an ce Alhaji Lado dillali yana sayen rabo ko ana hutu. Amma rabin kuɗi yake bayarwa."

Batulu ta daɗe tana kallon ƙafafun yaron da ke lilo.

"Ni jira na yi," ta ce. "Bara waccan, da 'yata Atine ta kwanta. Na ce ba zan ba wani gumina a banza ba. Ranar da aka buɗe kasuwa, riɗi ya yi tsadar da bai taɓa yi ba. Ranar muka yi mata sadakar uku." Ta gyara mayafi. "Tashi ki je. Duk abin da ya ce, ki ce to."

* * *

Alhaji Lado ya shimfiɗa darduma daura da ƙofar asibiti, da farar jallabiya, yana ta ƙamshin turare. Mata biyu na gaban Shatu a layi.

"Wallahi taimako nake, ya bitti, 'yata," ya ce yana murmushi. "Wa ya san yadda farashi zai tashi? Ni nake ɗaukar kasada."

Shatu ta ce to.

* * *

Bayan Sallah aka buɗe kasuwa, riɗi ya hau. Shatu ko a jikinta. Da gudu ta faɗo gidan Batulu, inda mata suka taru, mayafi na ja a ƙasa.

"Ya ci! Inna, ya ci kisra da kansa! Har cizona ya yi, ku ga wurin! Likita ya ce kwayyis, da sauƙi, cikin ya saɓe. Kai, Allah ya saka wa Alhaji Lado. Ba don shi ba, da yanzu..."

Ba wadda ta ce amin. Batulu ta karɓi yaron, ta sa hanci a kansa, ta rufe ido.

Can Jummare, mai tsohon ciki, ta matso kusa da Shatu. Ita ma duk abin da ta mallaka yana cikin riɗin nan.

"Lissafin haihuwata ya faɗa hutun Babbar Sallah," ta ce a hankali. "Lokacin ma Alhaji Lado yana fitowa?"

Dariyar Shatu ta tsaya. Ta dubi cikin, ta dubi ɗanta.

"Yana fitowa," ta ce. "Ki je da wuri, layi ake yi."