Lugude a Turmin Wofi

An ɗaure ƙugun turmin da robar tayar keke, daidai inda ya fara tsagewa. Raliya ta lura da hakan ne tana neman inda za ta jingine wayarta ta ɗauki bidiyo. A gidan nan aka haife ta, amma ba ta san yaushe turmin ya tsage ba.

Tun da ta sauka garinsu Bande hutun damina ta kasa zama wuri ɗaya. Shekararta ta farko a jami'a a Maroko ta ƙare ne tsakanin aji da ɗaki. Ga sanyi, ga Larabcin da bai yi kama da na islamiyya ba, ga abincin da take ci ita kaɗai tana kallon bango. Sai dab da hutu wata 'yar Senegal ta ja ta zuwa ƙungiyar al'adu ta ɗalibai baƙi. A can aka fara kiran sunanta daidai, har ana ajiye mata kujera. Ranar da ake rabon abin da kowace ƙasa za ta nuna a bikin buɗe shekara, aka juyo gare ta. Bakinta ya riga tunaninta, ta ce ta iya lugude. Ta kwatanta musu yadda mata ke haɗuwa a turmi ɗaya, su cilla taɓarya sama, su tafa, su cafe. Nan take aka ba ta jagorancin wasan. Yanzu kullum saƙo ke shigowa, ta turo bidiyo su fara koyo.

Ita kuwa ko surfe ba ta taɓa yi ba. Mahaifiyarta Barakatu ce ta hana. Duk ranar da ta kai hannu ga taɓarya sai ta karɓe, ta ce, "Jeki ga karatun lakwal ɗinki na boko, Auta. Wannan nawa ne."

Don haka ta roƙi Gwaggo Habsatou, ƙanwar babanta, ta koya mata. Gwaggo ta zuba geron tuwon dare a turmin, ta yayyafa ruwa, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Mu muna roƙon Allah ya kawo injin niƙa kusa, ke kin hau jirgi kin dawo neman taɓarya. Riƙe nan. Ba biro ba ne, 'yar nan, damƙe shi."

Suka fara. Ta Gwaggo na sauka a tsakiya, ta Raliya na dukan baki, gero na fallatsa. Kaji suka taru. Da ta gwada cillawa, taɓaryar ta kuɓuce ta faɗi kusa da randa.

"Saura kaɗan mu kwana da ƙishi," in ji Gwaggo. "Sake."

Ta sake, ta kuma sakewa. Tafin hannunta ya yi ja, ya fara tashi. Wayar ta yi ƙara, wani saƙon ya shigo. Idan ta koma hannu sake, kujerar nan za ta zama ta wata, ita kuma ta koma ga bangon ɗakinta.

Barakatu na zaune a inuwar rumbu tana tsintar wake. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Auta, can ɗin suna da gero?"

"Babu, Inna."

"Dawa fa?"

"Ita ma babu. Turmi dai za mu ara wurin wani ɗan Mali."

"To me za ku daka?"

Raliya ta goge gumi da bakin mayafinta. "Ba komai, Inna. Sautin kawai ake so, da tafin. Mutane su gani."

"Su gani," Barakatu ta maimaita a hankali.

Gwaggo ta dubi matar wanta, ta jingine taɓaryarta.

Barakatu ta ajiye faifan waken ta taso. Ta kama hannun 'yarta ta juya shi, ta daɗe tana duban ƙurjin da ya tashi a gindin yatsu. Raliya ta ji kaushin tafin uwarta kamar bayan itace. Ta so ta ba ta labarin sanyin, da bangon, da kujerar, amma ba ta san ta inda za ta fara ba.

Uwar ta saki hannun. Ta durƙusa ta kwashe geron cikin turmin tas a ƙwarya, ta bi ƙasa ta tsince wanda kaji suka rage. Sannan ta gyara wa wayar zama a jikin dutsen da aka jingine ta, yadda za ta kalli turmin sosai. Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta bi ta zaure ta fita.

Raliya ta tsaya da taɓarya a hannu. Jar fitilar wayar na nan tana ƙiftawa, bidiyon na ɗauka.