Tayin da Ban Amsa Ba

"Na ninka," in ji Injiniya, da muryar da sai ka matso kake jin ta.

Yana jingine da matasai uku a kan gado, robar iska a hancinsa. Mun jawo teburin karta mun manna shi da gadon. 'Yarsa, wadda ta haura arba'in amma har yanzu Auta yake ce mata, ita ke riƙe masa katunan a gaban idonsa, don hannunsa ya daina riƙe ko cokali. Likitan dabbobi da ke zaune a damana ya ce ya wuce, wato ba zai yi tayi ba. Ido ya dawo kaina.

Shekara goma sha bakwai ke nan muna wasan birij kowace Asabar bayan abincin rana: ni da Injiniya, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa a hawa na biyu, muna karawa da Likita da ƙaninsa Lauya. Ba a sa ko sisi. Wanda ya ci dai shi ke da bakin magana har wata Asabar. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi kamar a kasuwa, kowa ya faɗi irin katin da yake so ya zama babba, zuciya ko mashi ko daimon ko ganye, da yawan cin da zai iya. Ba a nuna wa abokin wasa kati, ba a ƙifta masa ido. Da tayin kawai za ka gaya masa abin da ke hannunka.

Ran nan ni na fara da zuciya ɗaya. Lauya ya ce mashi ɗaya, Injiniya ya ce daimon biyu, Likita ya ɗaga zuwa mashi biyu. Na ce na wuce, Lauya ma ya wuce. Shi ne Injiniya ya ninka.

A wurina ninki abu ɗaya yake nufi: ba za ku iya ba, ku yi mu gani, a ninka muku hukunci. Injiniya kuwa ya yi shekaru yana fama da ni cewa idan ana ja-in-ja a ƙasa-ƙasa haka, ninkinsa ba barazana ba ne ga abokan hamayya, magana ce yake yi da ni. Yana da kaya a hannu, bai san inda ya kamata mu sauka ba, ni zan zaɓa. Nakan gyaɗa kai kamar na gane. Da an zo wurin sai in dubi katunana in ga duk sun rame, in ce na wuce. 'Yan'uwan nan biyu su cinye wasansu, makinsu ya ninku, Lauya ya yi ta dariya har da share hawaye. Shekara talatin na yi ina auna magani a kanti, inda kuskure ɗaya kan kwantar da mutum, kuma tsoron nan ya bi ni har teburin karta. Sarkin Wucewa, haka Injiniya ya raɗa mini.

To ga ni yau da zuciya shida, amma ba sarki a cikinsu, da ƙananan mashi biyu marasa amfani. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na cire tabarau na goge. Likita ya tambaya ko a kawo mini katifa.

Ina cikin wannan lissafi tari ya sarƙe Injiniya. Auta ta kife katunan a kan bargo, ta ɗaga shi, ta ce wasa ya isa haka. Da numfashinsa ya dawo, ya sa ta ɗauko ambulan huɗu a cikin akwatin takardunsa na ma'aikatar ruwa, kowa ya zuba katunansa a ɗaya, ta rubuta sunayenmu a bayansu. Ya dube ni, idonsa na dariya ko da yake bakin ya kasa.

"Mai Magani, na ba ka har Asabar. Ka je ka yi shawara da matashinka."

Ranar Alhamis da hantsi ina shanya tawul a baranda na ji an kashe injin iskar da ke gurnani ta bangonmu wata biyu. Ban jira an buga mini ƙofa ba, na san Injiniya ya cika.

Ba zan ɓoye ba, bayan an gama karɓar gaisuwa abin da ya fi ci mini rai shi ne ambulan ɗin nan. Mutum ya yi maka tambaya ta ƙarshe a duniya, kai kuwa kana goge tabarau. Na tare Auta a matakala na roƙe ta ta faɗa mini abin da ke hannun babanta, tunda ita ta riƙe. Ta ce ya riga ya ja mata kunne, ko da na zo da kuka kada ta faɗa. Na ji haushi, sannan na yi dariya, don ko ba komai ya san halina.

Asabar uku suka wuce ba wanda ya hau matakalar. Likita ya bugo waya sau ɗaya, ya ce ƙafa uku ba ta tsayar da irin wannan tebur, ni ma ban musa ba. Ta huɗun da rana sai ga Auta a ƙofata, ƙura a gyalenta, tana ta ɗaure kwalaye za ta sallama gidan ta koma bakin aikinta. Ta ce ta raba tufafi, ta raba littattafai, amma ambulan huɗun nan sun gagare ta.

"Kawu, ni ban taɓa son wasan nan ba, shi ya cinye mana Asabar ɗin Baba tun ina 'yan mata. Amma ka zo ka amsa masa. Na riga na kira su."

An fitar da gadon, ɗakin ya yi fili har murya tana amsawa. Tebur ne kawai da kujeru huɗu. Auta ta zauna daura da ni a kujerar babanta, ta ajiye ambulan ɗinsa a gabanta ba ta buɗe ba. Lauya, wanda bai taɓa mantuwa da abin da zai amfane shi ba, ya maimaita tayin tun daga farko har zuwa ninki. Likita ya sake cewa ya wuce.

Katunan suna nan yadda na bar su, ramammu.

"Zuciya uku," na ce.

Lauya ya ɗaga gira ya wuce. Auta ta dube ni, na ce mata ta ce ta wuce, ta faɗa. Likita ma haka. A dokar wasan, wanda ya ci tayi shi ke bugawa, abokinsa kuma ya baje katunansa a fili kowa ya gani. Lauya ya jefa katin farko. Auta ta yage bakin ambulan ɗin, ta fara jerawa yadda ta ga babanta na yi: mashi biyu ƙanana irin nawa, waɗanda da na wuce da ba su tare komai ba; daimon biyar masu ƙiba; ganye huɗu. Ta bar biyu a hannunta ta ɗan jinkirta, da gangan, na rantse wannan halin ubanta ne. Sannan ta ajiye goma ta zuciya, ta ɗora sarki a kai.

Na cire tabarau, wannan karon da dalili.

Na ci zagaye tara cif, daidai abin da tayin zuciya uku yake nema, ba ƙari ba ragi. Lauya ya ce sa'a ce kawai, Likita ya ce masa ya rufa wa kansa asiri. Na fara tattara katunan zan mayar cikin kwalinsu, Auta ta ɗora hannu a kai. Ta tambaya nawa-nawa ake rabawa. Na ce sha uku. Ta ce daga wurin aikinta zuwa nan awa ɗaya ce a mota, kuma teburin ba zai shiga ɗakinta ba, sai dai a kai shi nawa.

Ta fara rabawa daga dama, Likita ya juya mata hannu zuwa hagu. Kati ɗaya ya zame ya faɗi ƙarƙashin kujerar, ta sunkuya tana lalube.