Man Girki a Fitilar Malam

Shekara ashirin da shida Malam ya yi yana koyar da tuƙi kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Motar koyarwar ce ta rage masa, ita ma ta tsufa. Fitilunta na gaba sun yi dishi-dishi, sun koma rawaya.

Ana gobe zai kai ta wurin duba lafiyar motoci, mijin ƙanwarsa ya zo gaishe shi, ya tarar da shi tsaye a gaban fitilun da samfefa a hannu.

"Yaya, da wannan bayan naka za ka duƙa kana gurza?" in ji shi. "Shafa musu man girki kawai. Kafin ya bushe an buga maka hatimi."

Malam ya yi masa faɗa sosai. Amma da gari ya waye bayansa ya ƙi lanƙwasuwa, sai ya faki idon matarsa ya ɗibi mai a murfin kwalba. Fitilun kuwa suka yi tas kamar sababbi.

A wurin dubawar layi ya yi tsawo, manyan motoci na wucewa suna tayar da ƙura. Da aka zo kansa, wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga, ta washe baki.

"Malam! Ina kwana? Ba ka gane ni ba? Ni ce na ture maka ganga sau uku a ribas."

Ya gane ta. Mai Ganga yake ce mata a lokacin. Ta kira abokin aikinta.

"Zo ka ga wanda ya koya min tuƙi. A wurinsa ba ka isa ka tada mota ba sai ka zagaya ta, ka duba taya, ka duba fitila."

Malam ya kawar da kai.

Ta gwada birki, ta gwada hon da sigina, duk lafiya. Sai ta zo gaban motar. Ƙura ta manne a fitilun, har da wani ɗan ƙwaro da ya maƙale yana motsi. Ta ja yatsa a kai, ta murza, ta shinshina. Ba ta dube shi ba. Ta gyara tsayuwa yadda abokin aikin ba zai gani ba, ta sa tsumma ta goge man tsaf, sannan ta jawo na'urar auna haske.

"Malam, hasken bai kai ba," ta ce a hankali. "Sati biyu ake bayarwa a gyara a dawo."

"To," kawai ya iya cewa.

A gida ya gaya wa matarsa komai, kansa a ƙasa.

"Da ka faɗa min ai da na haɗa maka da albasa," ta ce. Da ta ga bai yi dariya ba, sai ta ɗauko masa 'yar kujerarta ta girki.

A kanta ya zauna kwana biyu yana gyaran fitilun. Ya liƙe gefen fenti da tef, ya fara da samfefa mai kaushi, ita tana zuba masa ruwa da buta, ruwan yana gangarowa rawaya. Ya koma kan mai laushi, sannan wadda ta fi ta laushi. Ya goge da man goge fenti, ya fesa abin da ke hana rana sake cinye su. Duk sanda zai miƙe sai ta kama shi.

Ranar da ya koma, da gangan ya bi layin da ba nata ba. Aka auna, aka buga hatimi. Har ya fita ƙofa, sai ya faka a gefen titi. Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya dawo a ƙafa.

Ya same ta tana rubutu a kan bonet ɗin wata mota.

"'Yata, ran nan mai ne na shafa."

"Na sani, Malam."

"Na ji kunyarki."

Ta rufe biro, ita ma ta sunkuyar da kai.

"Na ga yadda kake tafiya tun ranar," ta ce. "Yaya bayan? Ana shan magani kuwa?"

Ya ce da sauƙi. Motar da ke layi ta danna hon, ta koma bakin aikinta.