Mako na Talatin da Shida

Shekarata goma sha shida a Alƙahira. Na zo ne in yi digiri na uku a fiƙihu cikin shekara huɗu, kuma har yau ina babi na huɗu, abin da ke nuna dai lissafin bai ɓace gaba ɗaya ba. Abin da nake ci da shi tafinta ne. Mutanenmu masu zuwa asibiti daga gida, ni ke tarbo su a filin jirgi, in kai su gaban likita, in faɗa masa inda ke ciwo, in faɗa musu abin da ya ce bayan na rage masa kaifi. Yawancinsu ba sa son otal. Gidan Malam Nata'ala, wato ni, a unguwar Abbasiya kuwa ɗaki biyu ne da falo, kuma labari ya kai har garinmu Gumel cewa matarsa ta iya miyar kuka.

Matar tawa Mahasin ce, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta sun taso da niyyar hajji suka yada zango a Wad Madani, zangon da har yanzu ba a tashi ba. 'Yarmu ɗaya, Rania. Mahasin takan ce tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa dafa abincin mutum uku ba, ba ta ma san awonsa ba. Ba da faɗa take faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin yanayi.

A ƙarshen 2011, lokacin da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Masar, masu sayar da hutu suka koma farautar irinmu. Muna wucewa a wani babban kanti wata budurwa ta miƙo mini kati ta ce in kankare. Na kankare, na ci injin markaɗe. Sai dai kafin a ba ni sai mun zauna awa guda an nuna mana hotuna. Wani siririn tsibiri ne na yashi a arewa, teku a gabansa, tafki a bayansa, faɗinsa bai wuce tafiyar minti goma ba, kuma sai a jirgin fito ake shiga. Sun gina 'yan gidaje farare a jere. Tsarin sunansa taim shir: ba gidan kake saya ba, mako ɗaya kake saya a cikinsa, duk shekara in makon ya zagayo naka ne, in ya wuce na wani.

Ni ina ta tambayoyin malamai, ko wannan ciniki ne ko haya. Can ƙarshe Mahasin ta tambayi budurwar mutum nawa gidan ke ɗauka. Aka ce huɗu, kuma sai an miƙa sunayensu tun da saura sati biyu, mai gadi yana tsaye a bakin jirgin fito da takardar a hannu.

"Ko da ɗan'uwan mijina ne ya biyo mu?"

"Ko da mahaifinsa ne, ya madam."

Mahasin ta juyo ta ce, "Abu Rania, sa hannu."

Haka muka mallaki mako na talatin da shida, farkon Satumba. A tasi muna komowa ta ce ita ba teku ya dame ta ba. Kwana bakwai take so ta tashi da safe ba ta ji tarin baƙo a falo ba. Na ce ai an gama, na yi mata alkawari. Ina da saurin alkawari, shi ma yana cikin sana'ar tafinta.

Wata bakwai na riƙe bakina. Sai wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a gidan shayin da 'yan gida ke haɗuwa, hira ta kai ga zafin Alƙahira, na ce ni dai bana zan huta, na sayi mako. Aka kwashe da dariya. Ukasha, abokina tun shekarar da muka zo, wanda shi ma yake babi na huɗu a nasa fannin, ya tambaya ko Laraba nawa ce a wurin mai sayarwar, yana so ya sayi guda biyu. Na nemi kalmar Hausa da zan fassara abin da ita, ni da nake fassara sunayen jijiyoyi, na rasa. Sai na ce, "To, gida ne dai. A bakin teku."

Aka shiga yi mini barka. Ni kuma daɗi ya kwashe ni na ce, "Sai ku zo mana."

Na daɗe a Masar, shi ne matsalar. Bamisire zai ce maka itfaddal, wato bisimilla shigo, yana rufe ƙofarsa, kai ma ka ce shukran kana wucewa, kowa ya fita kunyar kowa. Har suna suke da shi, azumat marakbiyya, gayyatar masu kwalekwale, wannan a tsakiyar ruwa yana kiran wancan cin abinci. Mu ma muna da irinta a kan kwano, a ce bisimilla ka ce alhamdu lillahi. Amma ban taɓa jin Bahaushen da aka ce ya zo gida ya ɗauka wasa ake ba. Na yi gayyatar Misirawa da Hausa, aka amsa mini da Hausa.

Juma'ar da ta biyo baya Ukasha ya zo da takarda. Suna goma sha bakwai. Ya yi magana da wani direban mikrobas, an haɗa hannu an sayi buhun shinkafa da jarkar mai, wani ya yi alkawarin tabarmi, wani tukunyar gas. An ma naɗa limamin tafiya. Na ja shi gefe na ce masa gidan mutum huɗu yake ɗauka. Ya ce ai mikrobas ma an rubuta sha huɗu a jikinsa. Na ce akwai mai gadi da takarda. Ya ce shekara goma sha shida bai ga ƙofar da ma'alish, wato a yi haƙuri, da sallama mai kyau ba su buɗe ba a ƙasar nan. Na ce da iyali zan je. Ya ce to su wa ya ce su ba iyali ba ne, kuma ai Ummu Rania ba za ta wahala ba, shinkafa ce kawai da miya.

A gida kuma akwai Kawu Ya'ƙub, ƙanin mahaifiyata, wanda ya zo aikin gwiwa na sati uku, yana cikin wata na biyar a ɗakin Rania. Labari ya riga ni zuwa wurinsa. Ya ce ya ji an ce binne gwiwa a yashin teku mai zafi ya fi duk abin da likitocin nan ke yi, kuma Allah ne ya kawo wannan gida a daidai lokacinsa. Na zauna a gabansa da niyyar in yi masa bayani. Na fara da gaisuwa, na bi ta lafiyar gwiwa, na ratsa ta tarihin yadda ya biya mini kuɗin makarantar allo, da na farga na riga na yi masa alkawarin kujerar gaba.

Fom ɗin sunaye ya iso, layi huɗu, a mayar da shi ofishin masu gidajen a Giza kafin azahar ɗin Alhamis. Kwana uku yana kan firij. Mahasin ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tayar ba. Ran Laraba da la'asar na ɗauko fensir na rubuta sunana, nata, na Rania, a layi na huɗu kuma na sa Kawu, da rubutu mara nauyi yadda zai gogu. Dabarata ita ce in ce wa su Ukasha dattijo ya cike gurbi, sauran kuma in bar su da mai gadi, shi da ba a Gumel za a binne shi ba. A ganina na rage goma sha takwas zuwa ɗaya, abin a yaba mini ne.

Mahasin ta karanta a tsaye, hannunta da kumfar wanke-wanke.

"Kawu yana cin abincin gidan abinci?"

Na ce ta san ba ya ci.

"To da tukunya za ni ke nan. Da garin tuwo, da kuka, da flas ɗin kununsa na asuba." Ta ajiye takardar. "Su Malam Ukasha fa, ka faɗa musu?"

Na ce ina kan hanya.

"Ya zol, bawan Allah, wata bakwai kana riƙe da magana ɗaya. Da ta kuɓuce maka, mako biyu ka kasa kamo ta. Ni ban ce ka kori kowa ba, na san ba za ka iya ba, da kana iyawa da ban aure ka ba. Amma makon nan nawa ne. A gabana ka sa hannu."

Na ce ta ba ni zuwa safe. Ta ce tamam, ba laifi.

Da safe na fita kai wata hajiya awon ido, na dawo ban ga fom a kan firij ba, ban ga Mahasin ba. Sai bayan azahar ta shigo, ta cire takalmi, ta miƙo mini kwafin takardar da hatimi a kai. An goge fensirina tas, an cike da biro: Mahasin, Rania, Awadiyya yayar Mahasin da ke unguwar Ard al-Liwa, da Fatna, maƙwabciyar Awadiyya mai sayar da turaren wuta, wadda mijinta ya rasu bara. Na duba bayan takardar ko akwai ci gaba. Babu.

Na gyara murya na ce akwai maganar muharrami. Ta ce ita ta buga mini babi na uku a kwamfuta, sau biyu ma, kuma a can na kawo malaman da suka yarda mace ta yi tafiya cikin amintacciyar tawagar mata in hanya lafiya take. Na ce akasarinsu a kan hajji suka faɗa. Ta ce shafi na gaba na kawo waɗanda suka faɗaɗa, har na rubuta cewa ra'ayinsu ya fi dacewa da zamani. Ban san akwai mai karanta abin nan ba.

"Ko ka canja ra'ayi ne, Malam?"

Na ce ban canja ba. Ta ce khalas, magana ta ƙare.

Ran Juma'a na tafi gidan shayi kamar mai zuwa karɓar sakamakon gwaji. Ukasha ya zaro takardarsa zai karanta tsarin zama a mota, na ce kafin nan akwai sanarwa: tafiyar ta zama ta mata, maiɗakina ce za ta je da 'yan'uwanta. Na shirya jin ƙorafi. Ba wanda ya yi. Kowa ya sunkuyar da kai kamar matan suna wucewa ta gabanmu a lokacin, aka ce Allah ya kiyaye hanya. Ukasha ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Mutum goma sha bakwai da mai gadi da hatimi ba su tsorata ba, kalma ɗaya ta zaunar da su. Limamin tafiya har ya yi ɗan wa'azi a kan kyautata wa iyali, ya kafa misali da ni, na karɓa da tawali'u. Kawu ma da na faɗa masa cewa ya yi subhanallahi, shi me zai kai shi cikin mata, gwiwa ta jira baɗi.

Sai Ukasha ya tuna da shinkafa. An riga an saya, kuma bai kamata a bar ɗan'uwa shi kaɗai da dattijo mara lafiya har kwana bakwai ba. Nan take aka amince a kawo buhun gidana, a riƙa haɗuwa ana ɗebe mini kewa rana da yamma. Wani ya tambaya wa zai dafa. Aka ce ai mai gida ya fi kowa sanin kicin ɗinsa.

Su Mahasin sun tafi ran Juma'a da hantsi, da jaka ɗaya-ɗaya, babu ko cokali. Washegari da azahar ina tsaye a kicin, falo cike da takalma da muhawara, na kira Mahasin. Iska na kaɗawa a wayar, can baya ina jin Awadiyya da Fatna suna dariya. Ta ce sun tashi ƙarfe goma, sun ci kifi a wani ɗan shago, Rania ta tsaya a tsakiyar hanya tana ganin ruwa hagu da dama. Ta ce jiya da suka shiga gidan ta zauna a kujera ta fi awa ba ta yi komai ba, har Fatna ta tambaye ta ko lafiya.

Na ce madalla. Na ce dama tambaya ce ƙarama, shinkafar mutum goma sha tara ruwa kofi nawa ake zubawa.

Ta ce ita da ido take awo, ba ta taɓa ƙirgawa ba, in zuba in gani. Sannan ta ce ana kiranta, za su shiga ruwa kafin rana ta yi sanyi, in gaida Kawu.