Tagar Ajiye Hannuwa

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, har yanzu bai sake ni ba.

Sai ga ni a layi, mu fiye da ɗari, duka ma'aikatan jinya, kowa da farin kaya da ambulan ɗin takardun neman aiki a hannu. Ban yi mamaki ba, don wata bakwai ke nan da asibitinmu ya rage ma'aikata, sunana ya faɗo ciki. Layin da baya yake tafiya. Wanda ya fi nisa da ƙofar ofis shi ake fara kira.

A ofishin, wani kadangare ne zaune kan tebur, yana ta gyaɗa kai.

"Lantana, me kika iya?"

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha ɗaya ina jinya. Amma yanzu ko wane aiki ne zan yi."

"Babu," in ji shi, yana gyaɗa kai. "Je ki gwada."

Sai na tsinci kaina a gidan mai, tsakar rana. Na riƙe bututu, ina shafa gefen mota ina neman jijiya. Direban ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, mai za ki zuba ko allura?" Aka kore ni.

Sai gidan burodi. Duk wanda ya fito daga tanda sai in juya shi, in ɗan bugi bayansa. Burodi ya yi ta tsala kuka, masu saye suka watse. Nan ma aka kore ni.

A bakin titi na ji ƙarar taya a bayana. Gado ne na asibiti yake bi na, babu mai tura shi. A kansa Baba Ɗanjuma, tsohon da na yi jinya a makona na ƙarshe. An sa masa ruwa, amma ruwan sama yake hawa, daga jikinsa zuwa cikin leda.

"Sista, duba mini abin nan," ya ce.

"Baba, an sallame ni. Jira ni, yanzu zan dawo."

Sai ga ni gaban kadangaren kuma.

"Laifin hannuwanki ne," ya ce. "Abu ɗaya suka sani. Ki ajiye su a taga ta uku, sai a ba ki aiki."

A taga ta uku akwai babban baho cike da hannuwa, wasu har da safar roba. Na ga Kuluwa, wadda muka yi makarantar jinya tare, tana fitowa, hannuwan rigarta suna lilo babu komai ciki.

"Kuluwa, da zafi?"

"Ko kaɗan, ƙawata. Na samu aiki a shagon waya. Murmushi kawai suke so."

Na tuna 'ya'yana biyu a gida. Na cire hannuna na hagu kamar yadda ake cire takalmi. Na dama ya ƙi fita, sai da Kuluwa ta ja mini shi da haƙori. Suka faɗa cikin bahon, yatsun suna ta lalube, suna kama wuyan hannun maƙwabtansu suna jin bugun jini.

Kadangaren ya liƙa mini takardar ɗaukar aiki a goshi.

Ina fitowa na tarar da gadon a bakin ƙofa. Ledar ta kumbura ta kai girman tulu. Baba Ɗanjuma ya zama kamar zanen da aka shimfiɗa, idanunsa kawai suka rage.

"Sista, kin dawo," ya ce. "Rufe mini."

Abin rufewar yana nan dab da fuskata, ɗan ƙaramin abu, aikin yatsa ɗaya. Na kai baki, ya zame. Na sake kaiwa, ya zame. Na juya ga layin ina ihu wani ya zo, amma kowa ya rungume ambulan ɗinsa, kada a tsallake shi.

"Ba komai, 'yata," in ji tsohon. "Allah ya sanya alheri a sabon aiki."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai wata ƙara ta fito, mai kaushi, ba ta tsayawa.

Na farka. Injin markaɗen maƙwabciyata ne, an tayar da shi tun gari bai gama wayewa ba.